DAGA MADALLA ZUWA SAKKWATO: WA ZAI NUNA WA JAMA'A HANYAR DA MAKAMI YA BIYO?

Ranar 25 ga watan Disamba 2025 da dare Amurka ta harba makamai masu linzami kan waɗansu wurare cikin Jihar Sakkwato. Ta ce sansanonin 'yan ƙungiyar IS ta nufa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ce da saninta aka yi. Kafin gari ya waye ma'aikatar yaƙin Amurka ta saki wani ɗan gajeren hoto mai motsi, inda aka ga makami yana tashi cikin duhu daga kan jirgin ruwan yaƙi. Duniya ta ga tashinsa. Abin da ya faɗo ƙasa kuwa sai da mutanen Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, suka ɗauki hoton ɓaraguzan ƙarfe a gonakinsu da wayoyin hannu sa'an nan aka gani.

Ga mutanen Suleja ta Jihar Neja wannan rana tana da wani tarihi dabam. Shekara 14 cif kafin nan, watau ran 25 ga Disamba 2011, bam ya tashi a ƙofar majami'ar St. Theresa da ke Madalla, gab da Dutsen Zuma, daidai lokacin da masu ibada ke fitowa. Mutum sama da 40 suka rasa rayukansu. A ranar ma masu ɗaukar hoto sun hallara, an nuna motoci ƙonannu da rufin gidaje a yaye da mata suna kuka.

To, idan aka jera hotunan nan biyu, za a ga kowannensu guntu ne. Na farko ya nuna tashin makami ba saukarsa. Na biyu ya nuna ɓarna ba asalinta. Abin da ke tsakani, watau wanda ya ƙera, da wanda ya sayar, da wanda ya biya kuɗi, da hanyar da kayan suka biyo har suka iso, shi ne ba safai kyamara ke bi ba a ƙasar nan. Alhali kuwa a nan maganar take.

SHEKARAR DA SULEJA BA TA MANTAWA

Harin Madalla shi ne na huɗu cikin manyan hare-haren da aka kai yankin a shekara guda. Ran 3 ga Maris 2011 bam ya fashe a wurin taron siyasar jam'iyyar PDP cikin garin Suleja. Ran 8 ga Afrilu, jajibirin zaɓen 'yan Majalisar Tarayya, wani ya tashi a ofishin Hukumar Zaɓe, ya kashe mutum 16, cikinsu har da matasa masu hidimar ƙasa da suka je duba inda aka tura su aikin zaɓe. Ran 10 ga Yuli kuma aka kai wa wata majami'a hari. Da na Madalla ya biyo baya, sai Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci ran 31 ga Disamba 2011 a ƙananan hukumomi 15 na jihohin Borno da Yobe da Filato da Neja. Suleja kaɗai ce ta shiga daga Jihar Neja.

An yi shari'a, kuma shari'ar ta tona abubuwa da dama. A watan Yuli 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ɗaure mutum huɗu rai da rai saboda harin ofishin zaɓe da makamantansa, ta ɗaure ɗaya shekara 10, ta sallami ɗaya. A Disamba 2013 aka yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai dangane da harin Madalla, bayan ya taɓa kuɓucewa daga hannun 'yan sanda a Abaji cikin Janairu 2012 aka sake cafke shi a Mutum Biyu ta Jihar Taraba. Tun a Satumba 2011 jami'an tsaron farin kaya suka ce sun gano gidan da ake harhaɗa bama-bamai a Ƙaramar Hukumar Tafa, maƙwabciyar Suleja, aka kuma yi ta ambaton igiyar tayar da nakiya irin wadda masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ke aiki da ita.

Mai karatu ya lura da wannan. Nakiyar fasa dutse ba a gona ake shuka ta ba. Kamfani ke yin ta ko ya shigo da ita, da lasisin gwamnati ake ajiye ta, kuma a ƙa'ida akwai littafin da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Yadda kaya irin wannan ke sulalewa daga sito su faɗa hannun mai kisa, labari ne da ya isa a yi fim guda a kansa, kuma bakin zaren yana nan ajiye cikin takardun kotu a Abuja, tafiyar da ba ta wuce sa'a guda daga Suleja ba.

YADDA AKE YI A WAƊANSU ƘASASHE

Fim ɗin da ake magana a nan ba wasan kwaikwayo ba ne. Fim ne na gaskiya, wanda ake haɗawa da shaidun mutane da takardu da hotunan abin da ya auku. A ƙasashen da ke ƙera makamai an daɗe ana juya kyamara ta fuskanci masana'antar kanta.

A 2005 wani Ba'amurke, Eugene Jarecki, ya fito da fim mai suna Why We Fight. Ya gina shi ne kan jawabin ban kwana da Shugaba Eisenhower ya yi a Janairu 1961, inda tsohon janar ɗin ya gargaɗi mutanensa game da ƙawancen hafsoshin soja da kamfanonin makamai. Fim ɗin ya nuna yadda kamfani ke rarraba aikin ƙera jirgi ɗaya cikin jihohi masu yawa, domin kowane ɗan majalisa ya ji tsoron soke kwangilar kada mutanen mazaɓarsa su rasa aiki. A 2016 Sonia Kennebeck ta yi National Bird, inda tsofaffin ma'aikatan jirage marasa matuƙa suka ba da labarin yadda ake yanke wa mutum hukuncin mutuwa daga hoto dishi-dishi a kan allo, aka kuma je Afganistan aka ji ta bakin waɗanda suka tsira.

Wanda ya fi kusa da halin da Afirka ke ciki shi ne Shadow World, na Johan Grimonprez, shi ma na 2016. An ɗauko shi daga littafin Andrew Feinstein, tsohon ɗan majalisar Afirka ta Kudu na jam'iyyar ANC, wanda ya ajiye kujerarsa a 2001 da jam'iyyarsa ta hana a binciki babban cinikin makaman da ƙasar ta ƙulla a 1999. Fim ɗin ya bi diddigin cinikin Al-Yamamah tsakanin Ingila da Saudiyya, wanda aka fara a 1985, da yadda gwamnatin Tony Blair ta tsayar da binciken cin hanci a kansa a Disamba 2006 da sunan tsaron ƙasa. Kamfanin da ke tsakiyar maganar, BAE, ya biya Amurka tarar dala miliyan 400 a 2010. Shi ne kuma ya sayar wa Tanzaniya na'urar hango jirage ta fam miliyan 28, daga baya aka sa ya mayar wa ƙasar kuɗin da ya kai fam miliyan 29 da rabi, aka sayi littattafan makaranta da su.

Darasin da ke cikin waɗannan finafinai guda ne. Cinikin makami ya bambanta da sauran ciniki domin mai saye gwamnati ce, kuɗin na jama'a ne, amma ana rufe farashi da kalmar asiri. Inda aka haɗa kuɗi mai yawa da rufa-rufa kuwa, dillali ya sami wurin zama. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Cibiyar SIPRI ta ƙasar Suwidin ta ƙiyasta cewa duniya ta kashe dala biliyan 2,718 kan harkar soja a 2024, manyan kamfanonin makamai 100 kuma sun yi cinikin dala biliyan 632 a 2023.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

A nan gida ma an gwada, an kuwa ga abin da ya biyo baya. A watan Maris 2022 gidan talabijin na Trust TV ya nuna fim kan 'yan bindigar daji, inda aka shiga har maɓoyarsu aka ji ta bakinsu. A Yuli kuma sashen BBC Africa Eye ya saki The Bandit Warlords of Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar, Yusuf Anka, ya jagoranta. Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ce finafinan suna kambama ta'addanci. Farkon Agusta 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta ci Multichoice da TSTV da Startimes haka kowannensu saboda nuna na BBC. A Janairu 2024 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta soke tarar, bisa hujjar cewa hukumar ba kotu ba ce.

Ba a ce damuwar gwamnati ba ta da tushe ba. Ɗan ta'adda yana son a gan shi, tsoro shi ne jarinsa, kuma yanzu waɗansunsu da kansu suke ɗaukar hoton kuɗin fansa da bindigogi su sa a TikTok. Mai kyamarar da ya miƙa wa irin wannan mutum makirfo ba tare da ya ƙure shi da tambaya ba, ya zama maroƙinsa.

Amma fa cikin fim ɗin BBC akwai wata magana da ta fi duk hayaniyar da aka yi nauyi. Wani jagoran 'yan bindiga ya yi iƙirarin cewa an biya kuɗi kafin a sako 'yan matan makarantar Jangebe da aka sace a Fabrairu 2021, da aka tambaye shi abin da aka yi da kuɗin kuwa ya ce bindigogi aka ƙaro. Gwamnatin Zamfara ta sha musanta biyan fansa. Ko ma dai yaya, tambayar da ta kamata ta biyo baya a fili take: a hannun wa aka saya? Nawa? Ta wace hanya aka kawo? Aka bar wannan aka koma kan masu nuna fim.

HANYOYI UKU

Abin da aka riga aka tabbatar ya nuna cewa bindigar da ke daji ta hanya uku take zuwa, ban da wadda maƙeran gida ke ƙerawa. Ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda aikinta shi ne karanta lambar jikin makami ta bi sawunsa har masana'anta, ta fitar da rahoto a Janairu 2020 kan makaman da aka kama a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta tarar waɗansu daga rumbunan gwamnatin Libiya da na Kwaddebuwa suka fito suka ƙetaro Sahel, waɗansu ƙirar Turkiyya ne da aka shigo da su ta teku, waɗansu kuma daga hannun jami'an tsaron Nijeriya suka kuɓuce.

Ta wajen teku, kwastan sun kama bindigogi 661 cikin kwantena guda a Legas a Janairu 2017, kafin shekarar ta ƙare adadin ya kai 2,671. A Yuli 2024 suka nuna waɗansu 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar Onne ta Jihar Ribas. Ta wajen rumbun gwamnati kuwa, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba zuwa Disamba 2018, cikinsu har da bindiga ƙirar AK-47 guda 88,078. Rundunar 'yan sanda ta yi jayayya kan waɗansu alƙaluman binciken. To, wannan jayayyar ita kanta abin ɗauka ce: a zaunar da mai bincike, a zaunar da mai riƙe da makullin rumbu, jama'a su ji ta bakin kowa.

Kowace kwantena tana da takardar da ke ɗauke da sunan mai aikowa da mai karɓa. Kowace bindigar gwamnati tana da lamba da sunan wanda ya sa hannu ya karɓa. Ana nuna wa jama'a makaman a shimfiɗe a ƙasa ranar kamu, manyan jami'ai na tsaye a kansu, daga nan sai labari ya yi sanyi.

ABIN DA GWAMNATI KE SAYE

Ɗaya ɓangaren shi ne makaman da ake saye da kuɗin talakawa. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi odar jiragen yaƙi ƙirar Jaguar 18 daga kamfanin British Aerospace, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama BAE. Ba su cika shekara goma suna tashi ba aka jingine su. A Disamba 2015 aka kama Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da kuɗin makamai da aka ce sun kai dala biliyan 2.1. Ya musanta, aka tsare shi shekara huɗu, aka sake shi a Disamba 2019.

A 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta cire dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur ta biya jirage 12 ƙirar Super Tucano, tun Majalisa ba ta amince ba, har aka yi ta ce-ce-ku-ce. Jiragen ƙirar Brazil ne amma a Amurka aka haɗa su, sun iso a 2021, mazauninsu kuma Kainji ne, cikin Jihar Neja. A Afrilu 2022 Amurka ta amince a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu 12 da kayansu kan dala miliyan 997, a Agusta 2025 kuma ta amince da cinikin bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346. Ga kuma jirage marasa matuƙa daga Sin da Turkiyya.

Babu mai hankalin da zai ce kada a sai wa soja kayan aiki alhali ana kashe mutane a Shiroro da Munya da Mariga. Sai dai makamin zamani yana kisa daga nesa, kuskurensa kuma babba ne. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Borno, mutum fiye da 100 suka mutu. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. Soja sun amsa kuskure, sun ba da haƙuri. Irin wannan jirgi da kyamara yake gani, watau akwai hoton abin da mai sarrafa shi ya hango a daren. Rundunonin soja sukan saki hoton harin da ya yi nasara ana ganin hayaƙi na tashi. Na ranar kuskure a aljihun hukuma yake zama.

Daɗin daɗawa, yanzu ƙasar na neman zama mai ƙera makamai da kanta. Masana'antar DICON da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, ta taɓa shiga halin da sai da ta koma yin kujeru da kayan famfo don ta rayu. A Nuwamba 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Abin so ne ƙasa ta dogara da kanta. Amma duk ranar da aka sami masu arziki da cinikin harsashi a cikin gida, gargaɗin nan na Eisenhower ya zama na Nijeriya ma, sa ido kuma ya zama tilas.

DAGA MAJIGI ZUWA YAU

Dattawan Arewa ba baƙin fim ɗin gaskiya ba ne. Sun san majigi, motar nan da ke zuwa ƙofar fada da almuru a kafa farin ƙyalle. A 1939 Turawan mulki suka kafa sashen yin finafinai na ƙasashen da suke mallaka, a ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsabta a Legas, kuma babban aikinsa na farko shi ne nuna wa talakawa ƙarfin Ingila a yaƙin Hitila, lokacin da ake ɗibar samari zuwa Bama. Tun daga ran nan hoton yaƙi a ƙasar nan na mai mulki ne, abin da ya ga dama shi yake nunawa. Abin da ya sake a yau shi ne kowa na da kyamara a aljihu. Mai bin sawu da haƙuri ne ya yi ƙaranci.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro daga ƙa'idodinta sai in Shugaban Ƙasa ya yarda, ya kamata Majalisa ta sake duba wannan, domin akwai bambanci tsakanin asirin inda soja za su kai hari gobe da farashin jirgin da aka saya shekara biyar da suka wuce. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda 'yan jarida za su iya riƙewa su nemi takardu. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013, ta kuma kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. Ƙasar da ta ɗauki waɗannan alkawura bai dace ta ji tsoron mai tambaya ba.

Su kuma masu sana'ar, daga Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos har 'yan fim na Kano, nauyi biyu ne a kansu. Na farko su yi aikin da Hausa, domin waɗanda bindigar ke kashewa su ji da kunnensu. Na biyu su kiyaye mutuncin mamaci da lafiyar mai ba da shaida, kada su ɗora wa kowa laifin da takarda ba ta tabbatar ba.

Suleja wuri ne da ya dace a fara. Garin yana bakin babban birnin da ya ba aron sunansa na asali, Abuja, bayan 1976. Waɗanda suka tsira daga ofishin zaɓe da na Madalla, Musulmi da Kirista, da yawansu suna nan da ransu, takardun shari'a kuma ba su ɓata ba. Yaran da aka haifa a shekarar bama-baman sun tasa, abin da suka sani bai wuce an ce an ce ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. In an nuna musu daga inda nakiyar ta fito da hannuwan da ta ratsa kafin ta iso garinsu, sun san ƙofar da za su nemi a toshe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba.